A Bar Min Wanga

Ni dai ba a san ni da rowa ba. Ba na shan taba, ba na caca, kuma duk faɗin Gummi babu wanda zai ce ya taɓa raba ni faɗa da wani. Ciwona ɗaya ne, a hannun dama yake. Da an zauna taro, shugaba ya ce, "To jama'a, wa zai ɗauki wannan?" sai in ga hannun nan ya miƙe sama ba tare da ya shawarce ni ba, baki kuma ya mara masa baya: "A bar min wanga." Sakatare ya rubuta sunana, jama'a su ce Allah ya saka da alheri, in taso gida raina fes, har da ɗan takun wanda ya sauke nauyi. Aikin kuwa yana nan inda aka bar shi, wato a wurina.

Kada a ɗauka ƙarya nake shiryawa. Wallahi lokacin da nake faɗa har zuciyata nake nufi. Ina hango kaina na tashi da asuba, na gama, na dawo ana sa mini albarka. Hangen ne yake ƙosar da ni, in an zo ga yi sai in ji ai an riga an wuce wurin.

Ƙungiyar tamu ta taimakon kai da kai ce, irin wadda ake samu a unguwanni daga nan har Bukkuyum da Anka. Ba ofis, ba mota. Ranar Juma'a bayan La'asar muke haɗuwa a wani ajin firamare da aka ara mana, magidanta a takure kan bencin yara, gwiwa tana neman haɓa. Akwai malaman makaranta irina, akwai teloli, 'yan kabu-kabu, magini, mai shayi. Kowa ya ajiye kuɗin mako gaban ma'aji, a karanta bayanin zaman da ya wuce, a raba aiki. Asabar da safe ta shara ce da yashe lambatu. In damina ta yi nisa sai a koma maƙabarta, a sare ciyawa, a cike kaburburan da suka rufta, a tara itacen rufi don kada a kawo gawa a tsaya nema. Lahadi da yamma a je dubiya asibiti da sabulu da ɗan kunu, a nemi majinyacin da ba mai zuwa wurinsa. Dukiyarmu kaf: baro biyu, shebur huɗu, diga, manjagara, 'yan adduna, da littafin ma'aji. Muƙamina sakataren yaɗa labarai. Ba sai na faɗi yadda aka yi na same shi ba.

Bari in fara da baro, don da shi aka fi tsokanata. Wata Asabar muna kwasar yashi daga lambatu sai tayar ɗaya ta sace. Mai faci yana bakin titi, ana hango rumfarsa daga inda muke. Wani yaro har ya kama baron zai tura, na ce, "Kai, bari, wannan na manya ne." Na tura shi gida da niyyar gobe da sassafe, na jingine a gindin rumbu.

Juma'ar farko da aka tambaya na ce ana kan aiki. Ta biyu na ce an kusa kammalawa. A rediyo na koyi waɗannan kalmomi, kuma na lura suna da albarka: da ka faɗe su sai a wuce batu na gaba. A gida kuwa uwargida ta ga abu zaune ba aikin fari ba na baƙi, ta fara tara tsummokara a ciki. Kazarmu ta ga tsumma, ta ga inuwa, ta haye ta fara ƙwai. Ranar da na yi niyyar gaske, na sa hula na nufi gindin rumbu, sai na tarar ta baje fukafukai a kai tana harara ta da ido ɗaya. Uwargida ta ce, "Malam, ai ba a tada kaza daga kwanci. Ka bari ta ƙyanƙyashe." Karo na farko ke nan da na samu uzuri na gaskiya, sai dai ba irin wanda ake faɗa gaban jama'a ba ne. Na shaida wa shugaba cewa an samu ɗan tsaiko daga ɓangaren da ba a zata ba.

Kwancin kaza kwana 21 ne, kuma duk tsawon lokacin nan da baro ɗaya 'yan uwana suke aiki, sauran yashin a buhu ake ɗauka a ka. Daga ƙarshe dattijon ƙungiya, wanda duk muke kira Baba, ya yi sallama da jikansa. Na shigo da su. Ya tsaya kan baron yana kallon 'yan tsaki suna ta kuka a ciki, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ashe haihuwa yay yi. To barka, Malam." Jikan ya sauke mai jego da 'ya'yanta, ya tura baro, kafin a kira Azahar ya dawo da shi da iska. A zama na gaba ma'aji ya kawo shawara cewa tunda a cikin kayan ƙungiya aka ƙyanƙyashe su, 'yan tsakin dukiyar ƙungiya ne. Aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Ranar ce kaɗai nawa ya zauna lafiya. Da suka girma na ba da zakara, aka yi wa majinyata farfesu.

Sai maganar jini. Wanda ya taɓa jinya a yankinmu ya san in likita ya ce a nemo jini, dangi ne ko 'yan sa kai za su bayar, shi ya sa muke da takarda mai sunayenmu da rukunin jinin kowa. Ni na kawo shawarar takardar, da jawabi mai ratsa jiki kan ladan ceton rai. Wani dare aka kawo mace daga wani ƙauye ta wajen Bukkuyum, haihuwa ta zo da gardama, ta zubar da jini. Aka duba takarda, mu biyu muka dace: ni da wani siririn ɗan kabu-kabu da ban taɓa jin muryarsa a taro ba. Na ce ya koma ya kwanta, a bar min. Allah ya sa bai ji maganata ba, ya ce zai raka ni.

Mai ɗibar jini ya ce wanda ya fi kusa ya matso, yaron ya miƙa hannu. Aka ɗaure masa damtse da roba, aka fito da allura. Ni allurar zazzaɓi na sani, wannan kuwa kauri gare ta. Na ga jini ya biyo siririn tiyo yana gangarawa cikin leda, ledar tana kumbura a hankali. Na ce bari in ɗan zauna. Abin da na sani bayan nan, ina kwance a ƙasa ba hula, wani yana yi mini fifita da kwali, mijin matar kuma yana tsugune yana ɗura mini Maltina da madarar da ya sayo wa mai ba da jini. Na shanye tas kafin in gane ta wane ne. Matar ta tashi, alhamdu lillahi, da jinin yaron. Shi ne kuma ya goyo ni a babur zuwa gida, da auduga manne a hannunsa, yana cewa, "Malam, riƙe ni da kyau, kada ka sake tahiya."

Mai irin ciwona ba shi da aminiyar da ta wuce waya. "Ga ni nan tafe." "Ina garin Ɗaki Takwas, yanzu zan shigo." Alhali ina kan katifa, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sai ga watan Satumba na 2021, hukuma ta rufe layukan waya a duk jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka dakatar da kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Mutane sun sha wuya ba kaɗan ba. Mai ɗa a Legas ba ya jin lafiyarsa, mu kanmu in ana neman jini da dare sai an bi gida-gida ana buga ƙofa. Amma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, a daren farko wani ɗan daɗi ya ratsa ni. Na ce shi ke nan, wa zai same ni?

Ashe inda babu waya, ƙafa ake sawa. Asabar tun rana ba ta fito ba sai in ji sallama. Baba ne, da 'yar rediyonsa da carbi, ya shimfiɗa buzu a zaurena. In aika yaro ya ce ina shiri, sai ya ce, "Hwaɗa mai ba ni da gaugawa." To wanda yake zaune a zaurenka ba ka ce masa kana Ɗaki Takwas. Haka na riƙa fitowa ina saɓa shebur. In za a yi mini adalci, daga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da aka maido mana da layi, na yi wa garin nan aikin da ban yi masa ba a sauran shekaruna duka. Har kanta ta fito mini a tafin hannu, ina nuna wa ɗalibai. Da sabis ya dawo, ba a jima ba ta baje.

Akwai inda abin ba ya ba ni dariya. A farkon Janairun 2022 aka kai hare-hare ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka watsu cikin garuruwa, mata da yara daga su sai kayan jikinsu, ga hunturu. Muka yi zaman gaggawa. Na ɗauki nauyin rubuta wa manyan 'yan garinmu da ke Gusau da Sakkwato da Abuja takardar neman gudummawa. Na zauna ina tsarawa ina gogewa, ina auna ko "mai girma" ya fi dacewa ko "mai daraja". Ina cikin haka wani tela da ko firamare bai gama ba ya saɓi buhu ya shiga unguwa yana sallama gida-gida: tsohon zane, rigar sanyi, kwanon gero, tabarma. Kafin in zaɓi gaisuwa ya cika buhu ya ɗauko wani. Takardar tawa kuwa ta yi kyau ƙwarai. Na san haka ne don na sake karanta ta ranar ƙaramar Salla, da na tsince ta a aljihun babbar rigata.

Duk da haka ina ɗaukar kaina mutumin kirki mai ɗan nawa. Ina cewa ai ko ban yi ba, ban hana kowa ba. Katangar wata tsohuwa ce ta raba ni da wannan tunani.

A ƙarshen unguwarmu take, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana riƙon jikoki marayu. Katangar ta ƙasa ce, ta tsage daga sama har tushe, gindinta ya zaizaye. Tun kafin ruwan farko na 2024 shugaba ya kawo maganar. Kun san wanda ya ɗauka. Kuma ban ɗauka da ƙaramin buri ba: na ce yaɓe ɓata lokaci ne, zan ga wani mai hali ya ba mu bulo da siminti a yi mata ta zamani. Na je gidan mai halin aka ce ya yi tafiya, na dawo ina jin daɗin cewa na je. Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai. A watan Agusta ambaliya ta afka wa Gummi, dubban mutane suka rasa matsuguni. Ba zan ba kaina girman da ban kai ba in ce ni na jawo, gidajen da suka fi nata ƙarfi sun kwanta. Amma katangarta tana cikin na farko da suka faɗi, ta danne madafa da akurki. Allah ya tsare, ita da yaran suna ɗaki.

Da muka je kwashe ƙasa ina ta ɗaga murya ina ba da umarni, don kada wani ya samu sararin tambayata. Magininmu yana gefe yana tsince itacen da zai sake amfani. Mutum ne da sai a yi zama a tashi bai ce uffan ba. Bai ko dube ni ba ya ce, "Malam, ran nan na so in yi magana. Ina da sauran ƙasa kwaɓaɓɓiya wurin wani aiki, wuni guda ya ishe mu ni da yarana. Sai nij ji kac ce a bar ma. Nic ce to, tunda malami ya ɗauka, mi an nawa?" Na ce ai ruwan bana ko an yaɓe sai ta faɗi. Ya ce, "Wataƙila. Amma da mun san mun yi."

Ashe wuri nake tarewa. Kamar mutumin da ya je masallaci da hantsi ranar Juma'a ya shimfiɗa darduma a sahun farko, ya koma gida barci ya kwashe shi: shi bai yi salla a wurin ba, wanda ya zo kuma ya ga darduma sai ya koma baya. Da na yi shiru, da yaron nan ya kai baro faci a ranar, da magini ya yaɓe katanga.

Iyayenmu da suka yi gayya ba su bar wa irina kafa ba. An sanar, an dama fura, makaɗi ya zo, kowa ya kama kunyarsa da hauya. Wanda aka bari a baya duk gona tana ganinsa, makaɗin ma ba zai raga masa ba. Ƙungiyar zamani ta zo da asusu da littafi, abin da ke sa aiki ya ɗore, ban raina su ba. Amma ta zo da tazara tsakanin ranar faɗa da ranar yi, kuma a cikin tazarar nan muke zaune, ni da 'yan uwana. Ina jin shi ya sa ban taɓa sha'awar kakin 'yan agaji ba, na Izala ko na Fityanu. Can in an busa usur, ko kana layi ko ba ka nan.

Abin da ya fi ba ni kunya, na daɗe ina zagin wannan hali a jikin wasu. Mutanen yankin nan ba su manta da 2010 ba, shekarar da aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dutsen zinariya ake kawowa cikin gida a daka a niƙa, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara, har yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin MSF, Na-gari-na-kowa, suka zo da maganin fitar da gubar, amma suka ce ba amfanin a ba yaro magani a mayar da shi gidan da take, sai an kankare ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa. Aka yi wa ƙauyuka bakwai haka. Bagega, wadda ta fi su girma, ta rage. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850 don aikin. Shekarar 2012 ta ƙare ana jira, yara wajen 1,500 ba a iya fara musu magani ba, sai a farkon 2013 aka saki kuɗi, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta matsa lamba.

A lokacin ba wanda ya kai ni zafi a teburin mai shayi. Ina buga benci ina cewa wane irin mutum ne zai ce ya ɗauka sannan ya je ya kwanta? Yanzu na san irinsa, na ma san yadda ransa yake ranar da ya yi alkawarin. Ba na haɗa baro da rayukan yara, Allah ya kiyaye. Amma "ana kan aiki" ɗin nan guda ce, ko daga bakin wa ta fito. Ko a unguwarmu mun taɓa fara karo-karon gyaran rijiyar burtsatse, kuɗi sun kusa kaiwa, sai wani ɗan takara ya zo gab da zaɓen 2023 ya ce a mayar wa kowa nasa, shi zai yi. Aka mayar, aka yi masa tafi. Ni na fi kowa tafi, don na ga ɗan uwa. Har yau a wata unguwa yaranmu suke ɗibar ruwa.

Bayan katanga ƙungiya ta yi doka. Ba a ambaci suna ba, amma kowa ya waiwayo. Duk wanda ya ɗauki aiki sai ya faɗi rana, kuma sai an haɗa shi da na biyu. In ranar ta wuce, aiki ya koma hannun na biyun, mai alkawari ya biya tara. Wani malamin allo a cikinmu ya ƙara da cewa wanda zai ce "in sha Allahu" ya haɗa da kwanan wata, don kalma ce mai girma, bai kamata a mayar da ita ƙofar baya ba. Na biyuna, ba sai an tambaya ba, Baba ne. A taro damana yake zama, ya ɗora hannu kan hannun rigata. In shugaba ya yi tambaya sai in ji ya danne. Wani lokaci har gumi nake yi. Cikin ɗan shirun da ke biyo baya, wanda a da ba na bari ya samu, sai ka ji murya daga can baya, ta tela ko ta magini: "Ni ina iyawa ran Talata." Kuma ran Talata a yi.

An tada katangar tsohuwa bayan ruwa ya ɗauke, ta ƙasa, irin wadda na raina. Ni nake cuɗa ƙasa da ƙafa, wando naɗe har gwiwa, magini yana ɗorawa. Tsohuwar ta leƙo ta ƙare mini kallo ta ce, "Wanga ba shi na mai bulo ba?" Aka ce shi ne. Ta ce, "Allah sarki. Allah shi ba da lada."

Ban warke ba. Tarar da nake biya ta fi kuɗin makona, ma'aji ma ya ce ranar da na shiryu asusu zai girgiza.

Shugabannin ƙungiyoyi na Anka da Bukkuyum da sauran wurare, na san kowannenku yana da irina, wataƙila ma shi ne yake karanta muku wannan yana ƙyaƙyata dariya. Kada ku kore shi, yana da amfani wajen jawabin maraba da baƙi. Amma in ya ɗauki aiki kada sakatare ya yi saurin rubutawa, a ɗan jira a ji ta bakin na kusa da ƙofa. Mu dai Asabar mai zuwa muna maƙabarta da ƙarfe bakwai na safe, ciyawa ta rufe hanya. Mai zuwa ya taho da laujensa ko addarsa, na ƙungiya ba sa isa.